Daga Kano Zuwa Kalaba a Mota: Hanyar Ce Abin Tsoro ko Garin?

Da zarar Nuwamba ta raba tsakiya, hunturu ya fara kaɗawa, akwai maganar da takan taso a majalisun matasan ma'aikata da 'yan kasuwa masu ɗan abin hannu a Kano da Kaduna da Zariya: a yi karo-karo, a duba motar wane ce ta fi lafiya, a nufi Kalaba kallon kalankuwar ƙarshen shekara. Da wuya a tashi majalisar baki ya zo ɗaya. Wani zai ce, "Mutumina, shekara guda muna fama, kwana biyar ɗin ma ba za mu sarara ba?" Wani ya girgiza kai ya ce, "Malam, ni da iyali da furfura ta fara fitowa, me zan je yi garin rawa?" Daga nan musu ya kaure, kuma sau da yawa Disamba kan ƙare ba a je ba, ba a kuma ce an fasa ba.

Musu ne da ya cancanci a zauna a auna shi, domin kowane ɓangare na riƙe da hujjar da ba ta wasa ba ce. Abin da na lura da shi dai shi ne, masu son tafiyar kan zuba duk yabonsu a kan hanya, masu ƙin ta kuma kan zuba duk zarginsu a kan garin. Ina ganin su duka sun sauke kayansu a inda ba nan ya dace ba.

Kalankuwar ba tsohuwar al'ada ba ce. Donald Duke, wanda ya mulki Jihar Kuros Riba daga 1999 zuwa 2007, shi ya ƙirƙiro ta a 2004, da niyyar mayar da jiharsa wurin da baƙi za su riƙa zuwa su kashe kuɗi. An aro salon daga bukukuwan titi na tsibiran Karibiyan, aka kafa manyan ƙungiyoyi biyar masu gasa da juna, Seagull da Passion 4 da Masta Blasta da Bayside da Freedom, kowace da launinta da dubban 'yan rawarta, suna bin hanyar da ta kai kilomita 12 a cikin gari tun da rana har tsakar dare. Shagulgulan kan cinye watan Disamba baki ɗaya, amma babban jerin gwanon sai bayan Kirsimeti. Annobar korona ta dakatar da shi a 2020 da 2021, aka dawo a 2022. Jihar kuma ba don sha'awa kawai take riƙe da bikin ba. Tun da aka miƙa wa Kamaru yankin Bakassi a 2008, sannan Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Akwa Ibom rijiyoyin mai 76 a 2012, Kuros Riba ta fita daga sahun masu cin kason arzikin mai. Aljihun baƙo ya zama ɗaya daga cikin rijiyoyin da suka rage mata.

Masu cewa a je sukan fara da ƙasa. Bakano da ya tashi da asuba ya bi ta Zariya da Kaduna da Abuja, ko ya yanke ta Jos ya gangaro Akwanga, zai ga Nijeriya tana sauya kama a gaban idonsa. Gonakin dawa da gero da aka riga aka girbe su ba da wuri ga tudun doya a Nasarawa, kuka da gawo su ɓace, giginya da kwakwar manja su bayyana. A Makurɗi ya haye Binuwai, ya ga faɗin ruwan da a makaranta zane kawai aka nuna masa. A Gboko ya tarar da lemo jibge a bakin titi da manyan motocin siminti a jere. Daga Ogoja zuwa Ikom iska ta yi nauyi, fatar da hunturu ya busar ta fara laushi, gonakin koko su fito, sannan Ugep da Akamkpa da dazuzzukan roba, har a sauka Odukpani a shiga Kalaba. Tafiyar ta haura kilomita 1,000. Wanda ya hau jirgi, in ji su, gajimare kawai ya gani, kuma tun da jirgin ma sai an biya ta Abuja ko Legas, tikitin mutum ɗaya a Disamba ya isa ya sa mutum ya sake lissafi. Mota kuwa kuɗin manta kashi biyar ake raba shi.

Hujjarsu ta biyu ta fi wannan zurfi. Mu mutanen tafiya ne tun kaka da kakanni. Fatakenmu sun yi watanni a hanyar Gwanja neman goro, almajiranmu sun tafi gabas neman karatu, 'yan cin rani sun cika biranen kurmi, alhazan da can sun taka zuwa Makka ta Sudan. Amma duk tafiyar da muka gada tana da sunan da za a faɗa a gida a yarda: fatauci, karatu, ta'aziyya, ɗaurin aure, aikin hajji. Tafiyar da ba ta da wani dalili sai hutu da buɗe ido ita ce kaɗai ba mu ba ta gurbi ba, sai muka cusa ta cikin yawon banza. Sakamakon haka, in ji masu wannan ra'ayi, sai ka ga mutum ya kai shekara arba'in bai san kudancin ƙasarsa ba sai ta bakin direban tirela da hotunan rikici a waya, kuma a kan wannan ɗan sani yake yanke wa mutum miliyoyi hukunci. Haka can ma suke yi mana. Gani ya kori ji. Suna kuma kafa hujja da cewa Alƙur'ani a wurare da dama ya kwaɗaitar da mutum ya yi tafiya a bayan ƙasa ya yi lura.

Sai zumunci. An rawaito cewa Sayyidina Umar bai karɓi shaidar wani mutum a kan nagartar wani ba, sai da ya tambaye shi ko sun taɓa yin maƙwabtaka, ko hulɗar kuɗi, ko tafiya tare. Kwana biyu a cikin mota ɗaya na fito da abin da shekara goma ta zaman majalisa ba ta fito da shi ba: wa ke miƙa hannu aljihu kafin a tambaya, wa ke barci idan taya ta fashe, wa ke tuna wa mutane lokacin salla ba tare da ya mayar da kansa limamin kowa ba. Abokan da aure da aiki suka raba, kowa ya kama gabansa, ba su da wata dama ta zama tare awa goma a jere in ba irin wannan ba.

Akwai kuma wata 'yar tsokana da sukan yi wa abokan musunsu. Turawa da mutanen kudu na zuwa Kano kallon Hawan Daushe, muna murna muna ba su wurin zama a inuwa, har hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disamban 2024 muka yi ta alfahari. To in nasu ya zo, don me zuwanmu zai zama abin kunya? Ba ma a rasa tawagogin jihohin arewa a ranar da aka keɓe wa raye-rayen gargajiya a Kalaba.

Masu cewa kada a je ba su musanta kyawun Binuwai ko sanyin inuwar kurmi ba. Su ƙarshen hanyar suke kallo. Hawan Daushe, in ji su, dawaki ne da mahaya lulluɓe cikin alkyabba da rawani. Jerin gwanon Kalaba kuwa 'yan mata ne cikin gashin tsuntsu da ƙyalƙyali da tufafin da kunya ba ta barin a siffanta su, ana kaɗa jiki a tsakiyar titi, giya kuma na yawo hannu da hannu, kamfanoninta ma na cikin masu ɗaukar nauyin shagali. Wannan ba ƙage ba ne, hotunan da jihar kanta ke tallar bikin da su sun isa shaida. Mutumin da aka umarta da runtse ido, ya tuƙa mota kwana biyu don ya je inda babu abin yi sai buɗe shi, wace amsa ya tanada?

Waɗanda suka yi karatun zaure a cikinsu sukan kawo wata mas'ala mai ban sha'awa. A mazhabar Malikiyya, wadda yawancinmu muke bi, matafiyin da zai yi tafiyar mil 48, wato wajen kilomita 80, an sunnanta masa ya yi ƙasaru, ya mayar da salla mai raka'a huɗu zuwa biyu. Amma Muhtasar na Shehu Halil ya cire mutum biyu daga wannan sauƙi: wanda tafiyarsa ta saɓo ce, da wanda tafiyarsa ta wasa ce tsagwaronta. Ma'ana, fiƙihun da kansa yana tambayar matafiyi ina ya dosa da abin da zai je yi, tun kafin ya bar gari. Don haka abokin da ya ce tafiya ai tafiya ce, bai yi daidai da littafin da kakansa ya karanta ba. Malamai sun bambanta tsakanin mai saɓo a cikin tafiyarsa da mai saɓo da tafiyar kanta, kuma a nan ne musun majalisa kan yi zafi, domin kowa na so a sa shi a rukunin da ya fi sauƙi.

Sai kuɗi, wanda a nan lissafi ne ba wa'azi ba. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100, zuwa da dawowa da zirga-zirgar cikin gari za ta sha wajen lita 240. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da lita take ƙasa da naira 200, wannan bai kai naira 50,000 ba. A ƙarshen 2024, da lita ta haura naira 1,000 a wurare da yawa, man kaɗai ya haura naira 240,000. Ba a zo kan masauki ba, wanda a makon kalankuwa masu otel kan tsuga masa kuɗi yadda suka ga dama, domin sun san watan nan ne kakarsu. Ba a zo kan abinci ba, da tikitin wasanni, da tsaraba, da abin da makanike zai karɓa idan wani abu ya saki a hanya. A dawo gida kuma a tarar da Janairu tsaye a bakin ƙofa da kuɗin makaranta a hannu. Garin nishaɗi, in ji masu suka, an tsara shi ne yadda baƙo zai shigo da nauyi ya fita sakayau, kuma abokai idan suka haɗu babu mai son a ga shi ne ya fara cewa kuɗinsa sun ƙare.

Akwai tambayar da ba a cika yi a majalisa ba, domin waɗanda ta shafa ba sa zama a can. Ita uwargida fa? Maigidan da bai taɓa kai iyalinsa ko Tiga ba, ya kwashe abin da aka tara ya tafi hutu da abokai, ya bar ta da yara a hutun makaranta, hutun wa aka yi? Wannan hujja a wurina ta fi ta rawa nauyi, kuma ban ji masu son tafiya sun ba ta amsa mai gamsarwa ba, ban da alkawarin wata shekarar.

A ƙarshe sukan ce, in hutu ake so ga Yankari nan a Bauchi, wadda aka buɗe wa masu ziyara tun 1962, da giwayenta da ruwan ɗumin Wikki, a je a dawo cikin kwana biyu ba tare da an tsallake Binuwai ba.

Idan aka ɗora hujjojin nan a sikeli, abin da ya fara bayyana gare ni shi ne, hanyar da masu son tafiya ke rera wa waƙa ita ce wurin da ya fi kowane hatsari. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana ƙirga sama da mutum 5,000 da ke mutuwa a titunan Nijeriya a shekara, kuma watanni huɗu na ƙarshen shekara su ne take ƙara tsaurara gargaɗi a kansu, saboda cunkoso da gaggawa da direbobin da ke son yin sawu uku a inda ake yin biyu. Makon da abokai suka zaɓa shi ne tsakiyar wannan hayaniya. An faɗaɗa hanyar Keffi zuwa Makurɗi ta zama tagwaye, an samu sauƙi, amma aikin hanyar Abuja zuwa Kano da aka bayar tun ƙarshen 2017 ya ja shekaru yana wahalar da matafiya, kuma daga Ogoja zuwa Kalaba yawancinta hanya ce guda mai lanƙwasa, ga ramuka, ga manyan motocin dutse da siminti da tankokin mai. Wanda ya saba da miƙaƙƙiyar hanyar Kano zuwa Daura, inda ake hango mota tun daga nesa, zai sha mamakin yadda kurmi ke rufe kwana.

Ga kuma abin da ya fi rami muni. Hanyar Abuja zuwa Kaduna ta yi shekaru tana cikin bakin duniya saboda masu garkuwa da mutane, har mutane suka koma jirgin ƙasa, shi ma aka kai masa hari ranar 28 ga Maris ɗin 2022. Binuwai da Nasarawa na fama da rikicin manoma da makiyaya, wanda kan sa matasan gari su tare hanya idan an yi kisa, kuma a irin wannan rana ba a tambayar matafiyi ra'ayinsa, kamanninsa da harshensa ake dubawa. A Maris ɗin 2025 an kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo, suna hanyarsu ta komawa Kano daga Fatakwal don yin salla. Uromi ba a kan hanyar Kalaba take ba, amma babu ɗan arewan da zai cika mota da samari biyar, lambar Kano a gaba da baya, ya nufi kudu bai tuna da ita ba. Wanda ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa ya faɗi gaskiya, amma ba a ce a tare shi a hanya ba.

Masu kafa hujja da fatake sun manta rabin labarin. Ayarin Gwanja ba taron abokai ba ne da suka yanke shawara a daren Alhamis. Akwai madugu mai faɗa a ji, akwai jagaba da ke gaba yana duba hanya da mashigin ruwa, akwai uban dawaki, an san zangon da za a sauka kowace rana, an san sarkin da za a biya kuɗin fito, kuma ba a tafiyar dare sai dole. Abin da samarin yau kan yi shi ne akasin haka: direba ɗaya, wanda shi ne mai motar kuma ba ya yarda kowa ya taɓa masa sitiyari, an tashi a makare domin wane bai gama shiri ba, an ɓata awa biyu a Lafiya wajen cin abinci da ɗaukar hoto, magariba ta riske su a Gboko, sai wani ya ce, "Kai mu ƙarasa kawai, ai saura kaɗan." Ba saura kaɗan ba ne. Daga nan zuwa Kalaba tafiya ce ta sa'o'i masu yawa, a cikin duhu, a hanyar da ba wanda ya sani a cikinsu.

Garin da ake tsoro kuwa, idan aka dube shi da kyau, ya fi kalankuwarsa girma nesa ba kusa ba. Kalaba ta girmi Nijeriya. Tashar jiragen ruwa ce ta Efik da ta yi ƙarnoni tana hulɗa da Turawa, da farko a cinikin bayi, daga baya a manja. Nan ce hedikwatar mulkin mallakar Ingila a kudu kafin a mayar da ita Legas a 1906. Gidan gwamna na wancan zamani, wanda aka ƙera sassansa a Birtaniya aka kawo su ta ruwa aka haɗa a 1884, yana nan a kan tudu yana kallon kogi, an mayar da shi gidan tarihi. A bakin ruwa, a Marina, akwai gidan tarihin cinikin bayi, inda mutum zai ga sarƙoƙi da siffar yadda ake jera mutane a cikin jirgi. Bahaushe bai kamata ya shiga wurin nan a matsayin ɗan kallo kawai ba, domin tarihin bauta ya ratsa ƙasarmu mu ma, ko da yake ba mu cika son zancen ba. A Kalaba Turawa suka tsare Oba Ovonramwen na Benin bayan sun ci birninsa a 1897, a nan ya rasu a 1914. Duk wanda ya san yadda aka kai Sarkin Kano Alu Lokoja bayan 1903, ya ƙare rayuwarsa a can, zai gane labarin ba sai an fassara masa ba. Akwai kabarin Mary Slessor, 'yar mishan daga Sikotlan da ta yi yaƙi da al'adar kashe tagwaye ta rasu a 1915. Akwai makarantar Hope Waddell da aka kafa a 1895, wadda Nnamdi Azikiwe ya zauna a ajinta. Akwai wurin da ake renon wani nau'in biri mai baƙar fuska da ya kusa ƙarewa a duniya, wanda ba a samun sa sai a wannan yanki da maƙwabtansa na Kamaru da tsibirin Bioko.

Kuma akwai Bogobiri, unguwar Hausawa a tsakiyar gari, da masallacinta da masu tsire da 'yan canji. Mai fargabar inda zai yi salla ko abin da zai ci ya kwantar da hankalinsa, 'yan uwansa sun riga shi zuwa da zuriya da zuriya. Zai dai kyautu ya riƙa tambaya kafin ya sa hannu a kwanon da bai sani ba, domin naman kare abinci ne a wurin wasu mutanen yankin kuma ba a ɓoye ake sayar da shi ba. Miyar afang da edikang ikong da kifi kuwa, wanda ya dawo bai ɗanɗana ba ya yi asara.

Saboda haka hujjar rawa da giya, duk da gaskiyarta, ta shafi 'yan kwanaki ne da wasu tituna sanannu. Ana iya zuwa Kalaba a farkon Disamba, ko a Janairu bayan an watse, a samu masauki da araha, a ga duk abin da na lissafa ba a haɗu da gashin tsuntsu ko ɗaya ba. Sai dai a nan dole in ba masu suka gaskiyarsu. Abokan da suka dage sai sun isa ranar 27 ga Disamba ba kabarin Mary Slessor ya kawo su ba, kuma kowa a motar ya san haka. Gidan tarihi a bakinsu hujja ce ta kare kai a gaban iyali. Taro kuma yana da nasa hali: mutum biyar, uku suka ce a fita da dare, sauran biyun ba za su zauna a ɗaki suna kallon silin ba, musamman da yake makullin motar ɗaya ne. Don haka tambayar da Halil ya yi wa matafiyi tana nan daram, kuma ranar da aka zaɓa ta tashi ita ke amsa ta, ba abin da aka faɗa a majalisa ba.

Wani abin da ke rage wa masu son tafiya ƙarfi shi ne, abubuwan da aka gina musamman don nishaɗi su ne suka fi saurin tsufa. Tinapa, katafaren wurin kasuwanci da shaƙatawa da Shugaba Obasanjo ya buɗe a 2007 a bayan gari, da rumfunansa da wurin wasan ruwa da ɗakin shirya fina-finai, an kashe masa biliyoyin naira, amma taƙaddama kan harajin kwastan da bashi suka durƙusar da shi, ya shafe shekaru yawancin shagunansa a rufe. Tsaunin Obudu, mai tsayin kusan mita 1,600, da motar igiyarsa da aka kafa a 2005, shi ma ya ga shekarun rashin kulawa. Kuma masu tsara tafiya daga nesa kan ɗauka Obudu unguwa ce a Kalaba, alhali tsakaninsu ya haura kilomita 300. Ga mai zuwa daga arewa, Obudu a hanya take, kusa da iyakar Binuwai, wuri ne na yada zango ba na leƙawa da yamma ba. Wanda ya yi tafiyar kwana biyu saboda hoton da aka ɗauka shekara goma sha biyar da suka wuce yana iya dawowa da takaici.

Abin lura, wani mummunan abin da ya taɓa faruwa a bikin ma mota ce ta jawo shi. Ranar 27 ga Disamban 2022, ranar jerin gwanon masu babura, wata mota ta ƙwace ta afka cikin 'yan kallo a Bogobiri, ta kashe aƙalla mutum 7, ta raunata wasu da dama, har gwamnan lokacin, Ben Ayade, ya dakatar da wasan ranar.

Ni dai da za a tambaye ni a majalisa, ba zan ce kada a je ba, ba kuma zan ce a tashi gobe ba. Zan tambayi ranar da aka tsayar, domin ita ke nuna abin da za a je yi. Zan tambayi ko an sallami gida, sallama ta gaskiya da cefane da yardar mai ɗakin, ba sanarwa a bakin ƙofa ba. Sannan in koma kan hanya, inda nake ganin nan ne ran mutane yake. Direba biyu aƙalla. Tayoyi da birki a gaban makanike mako guda kafin tafiya, ba da safiyar tashi ba. Takardun mota cikakku da katin shaidar kowa, saboda shingayen bincike daga Akwanga zuwa Odukpani ba su ƙirguwa, kuma samari biyar a mota ɗaya abin tsayarwa ne. A kwana a Lafiya ko Makurɗi, a tashi bayan asuba, la'asar ta yi wa mutane a masauki. A kira wani a Bogobiri ko a tashar mota a ji labarin hanya kafin a shige ta, domin direbobin haya sun fi kowace taswirar waya sanin inda aka tare jiya. A naɗa shugaba, kamar yadda hadisi ya yi umarni idan mutum uku suka fita tafiya, a kuma ba shi ikon cewa an tsaya ko da sauran na gunaguni. Wanda duk wannan ya yi masa yawa, ko aljihunsa bai kai ba, Yankari ba ƙasƙanci ba ce.

Dawowa ita ce ba a taɓa tsarawa. Ana zuwa da ɗoki da kuɗi, ana komowa da gajiya da bashin barci, aljihu ya yi ƙasa, wane yana da aiki ranar Litinin, wane kuma matarsa ta kira sau shida. A nan ne shawarar yin kilomita 1,000 a zama ɗaya takan fito, kuma ba ta rasa magoya baya, domin ta fi araha. Shi ya sa kuɗin da ya kamata ma'ajin tafiya ya fara warewa tun a Kano, ya sa a ambulan dabam ya hana kowa taɓawa ko da za a yi faɗa da shi a Kalaba, su ne na man dawowa da na ɗakin kwana a Makurɗi.